Bin Sawun Adakar Yaya

Yayana ya yi imani Allah ya ba shi idon gane ɓarawo. Ba ya neman shaida, ba ya jiran a kama mutum da kaya a hannu. In muna zaune a majalisar ƙofar gidan mai unguwa baƙo ya wuce, sai Yaya ya bi shi da kallo, ya tura hula gaba, ya ce wannan tafiyar ba ta mai gaskiya ba ce. Akwai wanda ya yanke wa hukunci don ya cika gaisuwa, akwai wanda ya yanke wa don bai gaisa ba. Mutanen unguwarmu a Rano sun daɗe suna jinsa kamar rediyon da aka bari a kunne ana aiki. Amma yana da murya, kuma ba ya gajiya, don haka a hankali aka fara gyaɗa masa kai. Da tsohon shugaban 'yan sintirin unguwa ya ce gwiwoyinsa sun gaji da yawo, sunan Yaya aka fara ambata.

Sai dai shugaban 'yan sintiri ba ya yawo da gora kamar sauran. Sai ya rataya bindiga, ko da ba za ta tashi ba. Gidanmu kuwa babu bindiga, kuma duk unguwar an san dalili, domin Yaya bai bar kowa ya manta ba.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata doguwar adaka, irin ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Da ita yake korar birai daga gonarmu ta gindin dutse. Ban taɓa ganin ya kashe ko ɗaya ba. Ƙara ce kawai da hayaƙi, birai su hau dutse su zauna suna kallonsa, shi kuma ya dawo gida yana tari. Da ya rasu, kafin a raba gado, ni da Yaya muka shiga rigima a kan wata ɗorawa da ke tsakanin ɓangaren da yake nomawa da wanda nake nomawa. Shi ya ce tasa ce. Ni na ce inuwarta ce kawai take faɗawa wajensa da safe. Mun kai har ba ma gaisawa, muna cin tuwo a kwano daban-daban a zaure ɗaya. Ana cikin haka aka wayi gari bindigar Baba ba ta bayan ƙofar turakarsa.

Nan take Yaya ya manta da ɗorawa, ya sami aikin da ya fi ta daɗi. Idonsa ya zaga unguwa ya sauka a kan Baffa. Baffa Bafillatani ne, abokin Baba tun suna samari, shi ya sa muke kiransa haka. Rugarsu tana bayan gonarmu. Kowace kaka in an yi girbi, shi ke shigo da shanunsa su ci kara su kwana a gonar su bar mana taki, matarsa kuma ba ta wuce ƙofarmu ba ta sauke wa Inna nono ba. Yana cikin 'yan tsirarun mazan da ke shiga har tsakar gidanmu ba tare da an tsayar da su a zaure ba. Hujjojin Yaya a kansa su ne: yana shiga gida, mutumin daji ne kuma mutanen daji na son bindiga, sannan da aka tambaye shi ya sunkuyar da kai. Na ce da Yaya ai Baffa ko kuɗin nono ka tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, haka Allah ya yi shi. Yaya ya ce ni tela ne, idon da na sani shi ne na allura.

A ƙofar masallaci ya faɗa, bayan la'asar, gaban kowa. Ya kira abokin ubansa ɓarawo.  Baffa ya sa takalminsa, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kafin damina ta zagayo sun tashi daga rugar, muka ji wai sun yi wajen Kibiya. Daga ranar kuma Yaya ya riƙa rantsuwa a majalisa cewa ko a cikin duhu aka miƙa masa bindigar Baba, da shafa kawai zai gane ta.

Inna ba ta ce uffan ba, kuma wannan bai ba kowa mamaki ba. Yaya ɗan farinta ne, ita kuma 'yar dā ce mai kunyar ɗan fari har ta wuce misali. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so ya rufe ƙofa, ni za ta ce wa in gaya wa wancan ya rufe ƙofa, ko da yana tsaye a gabanta ni kuma ina bayan gida. Haka muka taso, ni ne wayar da ke tsakaninsu.

Shekaru suka wuce a haka, har zancen shugabancin sintiri ya taso. Ranar wata kasuwa Yaya ya dawo da abu a naɗe cikin buhu. Ya saye ta a wurin wani dillali da ke da rumfar tsoffin rediyo da fitilu da wayoyin da suka sha duniya. Adaka ce, icen gindinta sabo, an naɗe tsakiyarta da jar fata, ga layu suna reto. Ina wurin aka yi cinikin, kuma da kunnena na ji Yaya yana kushe ta don a rage masa, yana cewa wannan ai bututun famfo ne aka yi wa kwalliya. Amma da muka iso unguwa sai ta zama bindigar da ba a taɓa ƙera irinta ba. Ya rataya ta ya bi ta ƙofar kowa, har da ƙofofin da ba hanyarsa ba.

Mai unguwa ne ya zuba masa ruwan sanyi. Ya juya bindigar, ya yaba, sannan ya ce ba zai kai sunan Yaya gaba ba sai an tabbatar da asalinta. Mai kama ɓarayi ba zai rataya kayan sata ba. In gobe wani ya fito ya ce tasa ce, ba Yaya kaɗai zai ji kunya ba, unguwar ce gaba ɗaya. Mai shagon cajin waya ya ce a duba lambarta, ya ji ana bincika irin wannan a waya. Aka juya ta sama, aka juya ta ƙasa, aka haska da fitilar wayar da rana tsaka. Babu lamba. Maƙerin da ya ƙera ta bai san ana yi wa bindiga lamba ba, kuma da ya sani ma ban ga inda zai kai ta ba.

Saura hanya ɗaya, wadda kowa ya sani a wajenmu, ko akuya ka saya, ko babur, ko waya. Ana bin hannu. Ka koma wurin wanda ya sayar maka ya nuna maka wanda ya sayar masa, shi ma ya nuna na gabansa, a yi ta tafiya har a kai ga wanda zai ce ni na sa aka ƙera ta, ko kuma wanda zai fara kame-kame. Ba a tsallake hannu, kuma ba a ƙin nunawa. Wanda hannu ya tsaya a kansa ya kasa nuna na gaba, shi ne ɓarawon.

Na ga tsoro a fuskar Yaya, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi. Mutumin da ya shekara yana karanta sata a goshin bayin Allah, yau shi ne zai iya zama mai sayen kayan sata, kuma a gaban mutanen da ya fi so su girmama shi. Ni ke da babur, don haka ni aka sa na rufe shago washegari da safe, ɗinkin mutane na jira.

Dillali ya karɓe mu da fara'ar da ta yi yawa. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Da na tambaye shi a kan me zai rantse, ya ce a kan shi dai da hannunsa bai sata ba. Abin da ya faru kafin ta zo hannunsa kuwa, wannan tsakanin mutane ne da Ubangijinsu. Ya ce wani maharbi ne a Rurum Sabon Gari ya kawo masa, ya kwatanta mana gidan.

Ƙarshen damina ne, hanya duk taɓo da kwazazzabai. Yaya ya hau bayana ya rungume buhun, bakin bindigar ya sami wuri a tsakiyar bayana ya zauna. Duk ramin da muka faɗa sai ya soke ni. Na ce ya ɗaga ta sama, ya ce in ya ɗaga mutane za su gani, in duba hanya kawai. Bai fasa aikinsa ba ko a kan babur. Duk wanda muka wuce sai ya raɗa mini a kunne abin da ya gani a tafiyarsa.

Maharbin Rurum yana ƙofar gida yana gasa masara. Ya shimfiɗa mana buhu, ya ba mu masarar, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare aka sake wata. Da ya ga bindigar ya yi dariya kamar ya ga tsohuwar matarsa a kasuwa. Ya ce shi ya sa baduku ya naɗe ta da fata, layun ma nasa ne, na rashin kuskure. Amma duk da layun, in ka auna zomo da ita to ka fara gargaɗin wanda ke tsaye a damanka. Abin da ya sa ya rabu da ita ke nan. Yana magana Yaya na nazarin fuskarsa, can ya matso ya raɗa mini cewa mun iso, wannan ne, in dubi yadda girarsa take motsi. Bai rufe baki ba maharbin ya zaro waya ya kira maƙerin da ya sayar masa a Lausu, ya ce ga baƙi nan tafe. Da muka hau babur Yaya ya ce dama gwada ni yake yi.

A Lausu muka tarar da maƙerin yana gyaran lauje, girbi ya matso. Mutum ne mai surutu, sai da ya ba mu labarin ciwon bayansa da tsadar gawayi kafin ya yarda ya kalli abin da muka kawo. Ya ce shi ya sa mata sabon ice, domin tsohon gara ta cinye shi, kunamar da ake ja ma shi ya sake ta. Ta zo masa a tsatse, kamar abin da aka cusa a rufin ɗaki aka manta. Wani dattijon Bafillatani ne daga Fassi ya kawo ta, ya ce ba ya son ta a gidansa, ya karɓi gatari da fartanya a madadinta. Na tambayi kamanninsa. Ya ce dogo ne siriri, ba ya ɗaga kai in yana magana, yana da tabon ƙahon sa a saman gira.

Yaya ya miƙe tsaye a hankali. Tun safe yake addu'ar Allah ya sa bindigar nan ba ta sata ba ce. A cikin maƙerar nan, a gaban idona, ya juya addu'ar. Ya rungume adakar ya manna ta a ƙirji, ya matse ido yana neman hawaye, ya ce wallahi tun ranar da ya gan ta a rumfar dillali gabansa ya faɗi, jininsa ya gaya masa ta Baba ce. Na tuna masa zancen bututun famfo. Ya ce dabara ce ta ciniki, ba zan gane ba.

Kafin in ta da babur ya kira mai shagon caji, ya sa wayar a murya mai ƙarfi don maƙerin da almajiran maƙera da awakin Lausu su shaida. Ya ce a gaya wa mai unguwa da duk majalisa kada kowa ya tashi bayan la'asar. Ga shi nan zuwa da bindigar ubansa a kafaɗa da ɓarawonta a hannu, wanda ya faɗa tun shekarun baya aka ce ya cika baki.

Gabana ya faɗi da gaske, ba irin na Yaya ba. Ban taɓa yarda Baffa ya ɗauki bindigar nan ba, amma ga hannu ya kai mu ƙofarsa. Duk hanyar Fassi ban ce komai ba. Yaya kuwa har waƙa yake yi a hanci.

Baffa ya zauna wuri ɗaya yanzu. Ya yi ginin ƙasa da rufin kwano, ga dawa ta yi kai a bayan gida, ga garken a gefe. Ya tsufa, ya ƙara rama, amma da ya gan mu ya gane mu tun kafin in kashe babur. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya mai sanyi. Ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi Inna sau biyu. Yaya ya amsa a daƙile, amma ya karɓi ludayi. Ina kallonsa ya sha furar mutumin da ya zo kamawa har ya kankare gindin ƙwaryar, ya goge baki, sannan ya kwance buhu.

Baffa ya dubi bindigar ya daɗe. Ya ce ta canza kaya, amma ita ce. Yaya ya dube ni da irin kallon da ya shekara yana tanadi. Ya ce to alhamdu lillahi, tunda an amsa, sai a tashi a je a maimaita a gaban jama'a.

Baffa ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya ce, "Ɗana, hannu kuke bi ko ni kuke nema?"

Yaya ya ce duk ɗaya ne.

"Ba ɗaya ba ne. Ba a kaina ya tsaya ba. Akwai wanda ya ba ni."

Yaya ya ce ya faɗi sunansa. Baffa ya ce da bakinsa ba zai faɗa ba, amana ce. Amma ba a ƙin nunawa, wannan ya sani. Zai kai mu har ƙofa, in mai ƙofar ya ga dama ya yi magana. Ya shiga ciki ya sako riga mai kyau da malafa, ya bar wa 'ya'yansa sallahun shanu.

Mu uku muka hau babur ɗin. Yaya ya dage Baffa ya zauna a tsakiya don kada ya dira ya gudu, dattijon da sai da na riƙe masa hannu kafin ya iya ɗaga ƙafa. Baffa ba ya magana, kafaɗata kawai yake taɓawa, dama ko hagu. Muka ratsa Kibiya muka kama hanyar Rano. Wannan ya ƙara wa Yaya daɗi, domin ya nuna akwai abokin ta'asa a cikin gari. Ya fara lissafo maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilin da ya sa ya daɗe yana zarginsa. Har ladan bai tsira ba.

Da muka shigo unguwa majalisa ta cika har ta tumbatsa. Yaya ya zare buhu ya ɗaga bindigar sama. Na rage gudu zan tsaya, Baffa ya taɓa kafaɗata alamar in wuce. Muka wuce, jama'a suka biyo mu a ƙafa, mai unguwa a gaba yana tattare babbar riga. Muka sha kwana ta farko, muka sha ta biyu, sai na ji hannun Baffa ya danna kafaɗata. Na taka birki. Ƙofar gidanmu ce.

Yaya ya sauka, ya dubi ƙofar, ya dube ni. Na ga idon nan nasa mai albarka yana aiki, yana haɗa ɗorawa da bindiga da shirun da na yi a hanya.

"Ashe kai ne," ya ce.

 Baffa ya tsaya a zaure ya yi sallama. Mutumin da a dā yake wucewa har tsakar gida yana tsokanar Inna a kan tuwonta, yau ya tsaya a inda baƙi ke tsayawa. Mai unguwa da manyan majalisa suka shigo zauren, sauran suka cika ƙofa.

Inna ta fito da mayafi, hannunta da ɗanyen ganyen rama da take tsinka. Ta ga Baffa ta tsaya. Sannan ta durƙusa suka gaisa, doguwar gaisuwa, ta tambayi matarsa da 'ya'ya da shanu, kamar babu wani mahaluki a zauren. Da suka gama ta dubi abin da ke hannun Yaya, ta ce da ni in karɓo, in kawo mata wuƙa. Ta sa wuƙar ta tsarge jar fatar da maharbin Rurum ya sa aka naɗa. A ƙarƙashi akwai zoben tagulla da aka buga a jikin bututun. Ta ce munduwarta ce. Bututun ya taɓa tsagewa, Baba ya roƙe ta ya kai wa maƙeri aka ɗaure wurin da ita.

Ta dube ni ta ce, "Gaya wa wancan ni na ɗauke ta. A cikin damin kara na sa ta, na ba wannan bawan Allah ya fita da ita."

Na juya na gaya wa wancan, kalma bayan kalma, ko da yake ya ji, kuma har na bakin titi sun ji. Ban taɓa jin daɗin aikin nan na isar da saƙo kamar ranar ba.

 Da magana ta zo wa Yaya, sai ta zo a karkace. Ya ce amma ai kayan gado ne, ba a raba ba a lokacin, ya juya wajen mai unguwa wai a ba shi fatawa. Mai unguwa ya kama tari. Inna ta ce in gaya masa ya lissafa ta a cikin tumuninta na gadon, in kuma bai isa ba ga akuyarta nan a ɗaure. Wani a bakin ƙofa ya yi dariya ya mayar da ita atishawa.

Da Yaya ya tsaya a nan da ya tsira da sauran mutunci. Amma bai iya tsayawa ba, bai taɓa iyawa ba. Ya ce in tambaye ta dalili.

Inna ba ta jira ni ba. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan farinta a tsakiyar ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Kai," ta ce. "Na same ka a turakar ubanka kana ɗura mata albarushi, kana cewa in ƙaninka ya sa garma ya wuce ɗorawa sai dai a ɗauko shi. Ubanku bai yi arba'in ba."

Yaya ya ce magana ce kawai ta ɓacin rai, tsorata ni zai yi.

"Ni ban haifi ɗan da zan bari a gwada a kansa ba, a ga ko wasa kake."

Ta mayar da kanta ƙasa. Sauran ta faɗa wa bango, a hankali. Ta ce ranar da aka kira Baffa ɓarawo a ƙofar masallaci ta aika masa cewa za ta fito ta faɗi gaskiya. Shi ya hana. Ya ce rigimar ɗorawa ba ta huce ba, in bindigar ta dawo gidan yanzu ba a san inda za ta kwana ba. Gara a bar shi da sunan, shi yana da ƙafar tashi.

Wurin nan na tsakiyar bayana da bakin bindigar ya wuni yana sokawa ya yi mini sanyi. Ban san zancen albarushi ba sai ranar. Na ji haushin Yaya. Na ji haushin Inna ma, Allah ya yafe mini, da ta iya zama da wannan magana shekara da shekaru tana aiko ni in ce a rufe ƙofa. Baffa kuwa kasa kallonsa na yi.

Jama'ar bakin ƙofa suka tuna da ayyukan da suka bari. Cikin ɗan lokaci titi ya zama fayau. Mai unguwa ya gyara murya ya yanke hukuncin da aka tara shi dominsa: an bi hannu daga dillali har zuwa asali, kowa ya nuna na gabansa, babu inda ya yanke. Bindiga ba ta sata ba ce. Haka Yaya ya cika sharaɗi. Bayan 'yan kwanaki aka ba shi shugabancin sintiri, domin an riga an kai sunansa, kuma babu wani mai bindiga a unguwar. Har yau yana rataye da ita, an sake ɗinke fatar. A majalisa kuma yana cewa shi tun farko jikinsa ya ba shi akwai hannun na gida a lamarin.

Haƙurin da ya ba Baffa a zauren bai fi tsawon atishawa ba. Ya dubi gini ya ce a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne. Baffa ya ce babu komai. Abin da ya roƙa kawai shi ne a mayar da shi gida kafin magariba, shanu sun kusa dawowa.

Ni na ɗauke shi, mu biyu. Da muka fita gari ya taɓa kafaɗata ya ce mu bi ta gona. Na tsaya a bakin iyaka. Ya nemi ɗorawar da ido bai gan ta ba. Na ce iska ta kayar da ita wata damina, ni da Yaya muka raba itacen ba tare da ko musu ba.  Baffa ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza a hannu, ya dubi dawarmu da ta tsaya iya ƙirji duk da takin zamanin da muke zuba mata. Ya ce ƙasar nan ta rame.

Na ce, "Baffa, in an yi girbi ka kawo shanun. Ɓangarena ne, babu mai cewa komai."

Ya karkaɗe hannunsa, ya ce shanun sun saba da can.

Na kai shi har ƙofar gida a Fassi ana kiran salla. Ya sauka da ƙyar, ya sa mini albarka, ya ce in gaida Inna. Da kaka ta zo na girbe dawata na bar karan a tsaye, ban ɗaure ko dami ɗaya ba. Maƙwabta suka yi ta tambaya ko sayarwa zan yi, na ce a'a, akwai mai shi. Haka ya zauna a gonar har awakin gari suka cinye shi.